Bangon falona da namun dajin ƙasarmu

14 Disamba 2024

An gama fentin falo, ruwan madara mai ɗan duhu muka sa don fari tas baya kwana biyu a garin nan ƙura ta cinye shi. Yanzu bango ya tsaya fayau ba komi jikinshi sai agogo, kuma na riga na yanke abun da zan sa, hotunan namun daji a firem, a jere, a bangon da ke bayan doguwar kujera. Burina a gama kafin ƙaramar Sallah insha Allah.

Da safe na zaga shagunan kayan ado, na babbar kasuwa da na bakin titin IBB, firem kam akwai su jibge, masu bakin zinare, masu walƙiya, har da masu fitila a ciki. Dabbobin da ke jiki ne suka hana ni saye. Damisar Indiya mai ratsi-ratsi wadda duk faɗin dajin Afirka babu ko guda, barewar Turawa mai ƙaho reshe-reshe tsaye cikin ƙanƙara, kyarkeci ya ɗaga kai yana kuka, fararen dawaki na gudu a bakin teku, sai dawisu. Na tambayi wani mai shago ko yana da gwanki yace "Hajiya wane iri ne kuma gwanki?" Matashi ne kuma ɗan garin nan, ban ga laifinshi ba, a ina zai ganshi, kaya ne ake lodowa daga Chaina abun da ya zo shi za a saida.

Ni abun da nake so shi ne dabbobin da ke bakinmu kullum amma yaranmu basu taɓa sa su a ido ba. Muna cewa barewa bata gudu ɗanta yayi rarrafe, muna cewa damisa ƙi sabo, amma ki tsaida ɗan firamare kice ya siffanta maki barewa sai ya kawo maki ta katun. Kakana na wajen uba maharbi ne a wani ƙauye ta wajen Safana, bakin dajin Rugu, Baba ya tashi yana ganin fatu da ƙahonni rataye a zauren gidansu, ni na tashi da labarin, yarana ko labarin bai gama isa gare su ba. Yau dajin nan ba mai shigarshi don kallon dabba, kowa yasan halin da ake ciki tsakanin Safana da Batsari da Ɗanmusa, Allah ya kawo muna ƙarshen abun. Toh in basu gani a daji ba su gani a bango.

22 Disamba 2024

Kafin in kashe ko sisi sai da na tsaya kan maganar da nasan dole ta taso, hoton abu mai rai a gida. Abban yara ne ma ya fara tado ta kuma da gaskiyarshi, hadisin da ke cewa mala'iku basa shiga gidan da ke da kare ko hoto yana cikin Bukhari da Muslim, ba abun da za a ɗaga kafaɗa a wuce bane.

Na samu malaminmu na Islamiyya bayan an tashi karatu nace Allah gafarta Malam ga abun da nake nufi ga kuma dalilina. Bai yi gaggawar amsa mani ba. Yace a Malikiyya abun da aka haramta kai tsaye shi ne sura mai jiki wadda ke da inuwa, ta abu mai rai, kuma cikakkiya, irin mutum-mutumi kenan, wadda ke shafe a takarda ko ƙyalle kuwa makaruhi ce a wajensu in an ɗaukaka ta. Hoton kyamara yace malaman wannan zamani sun rabu kanshi, akwai masu ganin kama surar abu ne kawai yanda Allah ya halicce shi ba ƙaga sabuwa ba, akwai kuma masu haɗa shi da zane su hana, musamman ratayewa. Ya ƙara da cewa barin shi ya fi fita daga saɓani, kuma wanda ya bari don tsantseni ba a ce mashi don me.

Muka zauna da Abban yara muka tsaya kan wannan: hoton kyamara kaɗai, ba zanen hannu ba sassaƙa, ba abun da zai hau bangon gabas, kuma sallah a ɗaki ake yi ba a falo ba. Niyyata koyarwa ce kuma na natsu da ita. Wadda zuciyarta bata natsu ba kar ta takura kanta don ta ga wata ta yi, hoton kuka ko gawo ko hasumiyar Gobarau yana ƙawata bango kuma babu wanda zai ce maki uffan.

4 Janairu 2025

Neman hotunan shi ne ya fi cin rai zuwa yanzu. In kika nemi dabba a Google kusan duk abun da zai fito na Kenya ne ko Tanzaniya ko Afirka ta Kudu, don can masu manyan kyamarori ke zuwa yawon buɗe ido, kuma da yawa 'yan uwan namu ne amma ba su bane. Gauraka misali, wadda ta cika intanet mai wuya ruwan toka ce, ita ce a tutar Uganda, tamu ta Yammacin Afirka wuyanta da jikinta baƙi-baƙi ne. Burtu ma haka, na kudu fatar fuskarshi ja ce zur, namu shuɗi ne zagaye da ido, namijin na da ja a maƙoshi macen shuɗi kaɗai, ga wani tudu a saman baki. Barewar da ake yawan ɗauka a dajin Serengeti na Tanzaniya baƙin layin gefenta mai faɗi ne, tamu ta Sahel siriri ne kuma akwai ɗan ja a ƙarƙashinshi kafin a kai farin tumbinta. Wani zai ce duk ɗaya ne ai barewa barewa ce, ni a wajena ba ɗaya bane, in dai don yara su san tasu nake yi toh tasun za su gani.

Dabarar da ta fisshe ni ita ce nema da sunan wuri haɗe da sunan kimiyya na dabbar: Yankari, Kainji, Gashaka Gumti, gandun W na Nijar, Pendjari a Benin, Zakouma a Chadi. A Wikimedia Commons kowane hoto na da sunan wanda ya ɗauka da sharaɗin amfani da shi, da yawa sun yarda a buga in dai za a ambaci mai shi, don haka zan rubuta sunan kowane mai hoto a bayan firem ɗinshi, haƙƙi ne.

Giwar ta Yankari ce, uwa da ɗanta a bakin kogin Gaji. Yankari tun 1956 aka keɓe shi, aka buɗe ma jama'a a 1962, kuma garken giwayenshi na cikin manyan da suka rage a Najeriya, abun da za mu yi alfahari da shi ne kuma mu ji tsoron rasa shi.

Wanda ya fi taɓa ni raƙumin dawa ne. Na Yammacin Afirka launinshi ya fi na gabas haske, tabbanshi ruwan ƙasa ne mai fari-fari, kuma a da ya bazu daga Senegal har tafkin Chadi, amma a 1996 guda 49 kacal suka rage a duniya, dukkansu a yankin Koure kusa da Yamai. Mutanen Nijar suka tsaya masu har suka haura 600, a 2018 ma aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi, Maraɗin nan da ke maƙwabtaka da mu da muke zuwa biki da ta'aziyya. Na daɗe ina kallon hoton da na zaɓa, yana tsaye a gonar gero da aka girbe yana cin ganyen gawo, wallahi in ba don shi ba sai ki rantse gonar wajen Jibia ce ko Kaita. Shi zan sa mafi girma.

Zaki na ajiye shi, kowa yasan zaki. Waɗanda suka shiga: giwa, raƙumin dawa, gwanki, ɓauna, barewa, burtu, gauraka. Babbar 'yata ta dage sai an sa kura saboda tatsuniya, na yarda amma ƙarama.

18 Janairu 2025

Bugawa. Abu na farko da ya kamata kowa ya sani, hoton da ya yi kyau a waya ba lallai ya yi kyau a takarda ba. Takarda mai girman A3 santimita 29.7 ce da 42, in ana so ya fito tar sai hoton ya kai wajen fiksil 3500 a 4900, rabin haka ma yana wucewa tunda daga nesa za a kalla, amma ƙasa da haka sai dishi-dishi. Kuma kar a tura ma mai bugawa ta WhatsApp a matsayin hoto don matse shi yake yi ya rage mashi ƙarfi, a tura a matsayin dokumen ko a kai a filash.

Wani shago da na fara gwadawa a kan fileks suka buga mani, irin na banar siyasa da biki, ɗigo-ɗigo duk ya fito a fuskar barewa, ban karɓa ba. Na koma wajen masu ɗaukar hoto da ke da babbar firinta. Takarda mara ƙyalli na zaɓa don mai ƙyalli in ta haɗu da gilashi da hasken taga kanki kawai za ki riƙa gani. Tawada ma iri biyu ce, akwai mai narkewa ta shige takarda, tana da haske amma rana na kodar da ita da wuri, akwai mai garin launi wadda masu aikin ke ce ma figimen, ta fi tsada ta kuma fi daɗewa, ita na biya.

Na roƙi mai aikin ya fara buga mani ɗan yanki ƙarami na kowane hoto kafin babban, gara da aka yi haka don ɓauna ta fito baƙi ƙirin ba a ganin ido, fuskar waya ta fi takarda haske, sai da ya ɗan ƙara mata haske sannan ja-jan da ke gashinta ya bayyana, don ɓaunar yankinmu bata kai ta kudancin Afirka baƙi da girma ba.

2 Fabrairu 2025

Firem ɗin kasuwa yawanci roba ne ko garin katako da aka matse, da damina ta kankama sai ya kumbura kusurwa ta buɗe, don haka kafinta na nufa. Farin katako yace mani "Hajiya in kina so gara ta yi walima a falonki bismillah", shi maɗaci ya ba da shawara. Ni kuma raina bai so a ce ina kukan daji ya ƙare sannan in sa a sare wani icce saboda adon bangona, sai Abban yara ya tuna akwai tsohuwar ƙofar maɗaci a gidansu na cikin gari da aka cire lokacin da aka sa ta ƙarfe, tana jingine a sito shekara da shekaru. Muka roƙi Hajiya tace "ku ɗauka mana, me zan yi da ita, Allah ya sa albarka."

Da kafintan ya fere ta wani ja mai duhu ya fito, ni dai ban taɓa ganin katako mai kyau haka ba, kuma yace tsohon katako ya gama bushewa ya gama motsi, sabo ne ke tsagewa da hunturu ya kumbura da damina. Faɗin bakin firem santimita 3 muka yi, siriri, ba ado ba sassaƙa, banish mara ƙyalli shafa biyu da samfefa a tsakani. Kusurwa da gam da ƙananan ƙusoshi.

Gilashi mai kauri milimita 3 aka yanko wajen masu aikin tagar alminiyom. Abun da na dage a kai shi ne kwali mai kauri da aka yanke tsakiyarshi ya zagaye hoton, santimita 5 kowane gefe, launin ƙasa-ƙasa mai haske. Ba ado kaɗai bane, shi ke hana hoton taɓa gilashi, in ya taɓa da zarar iska ta yi laima a Agusta sai ya manne, in kika zo ɓamɓarewa ya tafi da launin. Kafintan bai saba yin shi ba, da reza da rula muka zauna muka yanka tare da ƙanena da ke da hannun zane. Baya kuma filawud siriri, a zagaye shi da tef ɗin takarda mai faɗi kar ƙura ta samu ƙofa.

15 Fabrairu 2025

Baba ya zo yau, na shimfiɗa hotunan duka a kan kafet kafin a rufe su a firem nace Baba ku duba mani ko akwai baƙo a ciki. Ya sa tabarau ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, yara suka zagaye shi.

Gwanki ya fara ɗauka. Ya daɗe yana kallon baƙi da farin fuskar nan da dogayen kunnuwa da ƙahon da ya lanƙwasa baya, sannan yace "Uwata, wannan shi ne, ba ƙari ba ragi." Yace maharbi baya rainashi, in ya ji rauni baya gudu har abada, durƙusawa yake a gwiwa ya juyo da ƙaho, kare da yawa ya halaka a haka. Ɓauna kuwa yace ita ce wadda Kaka ke ambato da sassauta murya, don in ta ji ciwo tana iya zagayowa ta laɓe ta jira wanda ke bin sawunta. Giwa yace shi bai taɓa ganinta a dajinsu ba, labarinta ya ji a bakin manya.

Da ya zo kan burtu sai ya aje hoton ya gyara zama. Yace Kaka na da kan burtu, bakin tsuntsun ne na gaske aka haɗa da icce mai lanƙwasa aka naɗe da fata aka manna mashi idon zakara jajaye, sai maharbi ya ɗaura a goshi ya rufa da baƙin zane ya duƙa yana tafiya cikin ciyawa yana gyaɗa kai yana sara ƙasa yanda burtu ke kiwo. Barewa da gada sun saba ganin burtu kusa da su basa tsoronshi, sai ya matso har inda kibiya za ta kai. Baba ya miƙe da shekarunshi ya duƙa ya gwada ma yara tafiyar a tsakar falo, autana ya bi bayanshi yana kwaikwayo. Na taɓa jin labarin nan amma ban taɓa ganin ya gwada ba sai yau.

Ya gyara mani abu biyu. Kurar da na zaɓa yace kura ce mai dabbare-dabbare, daidai, amma yara su sani akwai 'yar uwarta sayaki mai ratsi da doguwar geza a baya, ita ta fi shiru kuma ita kaɗai take yawo. Sannan yace kar in jera su don girma ko don kyau, in jera su yanda suke zama: barewa da raƙumin dawa na fili ne mai ƙaya su zauna gefe guda, giwa da ɓauna da gwanki basa nisa da ruwa su zauna ɗaya gefen, gauraka ta fadama ce ta bi su, burtu a ƙasa don a ƙasa yake yini. Na karɓa nan take, ya fi tsarin da na zana a takarda ma'ana nesa ba kusa ba.

Da zai tafi ya tambayi ko za a iya buga mashi gwankin ƙarami ya aje a ɗakinshi. Rabonshi da ƙauyensu an daɗe, gonakin ma ba mai nomawa. Na riga na kira mai firinta.

8 Maris 2025

Azumi ya rage muna gudu, sai bayan sallar asuba ko bayan tarawihi ake taɓa aiki. Firem duk sun iso. Kafin a huda bango na yanka tsofaffin jaridu daidai girman kowane firem na manna da tef ɗin masu fenti wanda baya ɓare fenti, na barsu ina kallo ina matsarwa, in zauna kan kujera in duba, in zauna ƙasa in duba, in tsaya bakin ƙofa in duba.

Ƙa'idar da ake bi a gidajen nunin hotuna ita ce tsakiyar hoto ya zama wajen santimita 145 daga ƙasa, daidai idon mutum a tsaye. Amma mu falonmu rabin zaman a kafet ake yi, kuma don yara nake aikin, don haka na sauko da su iya yanda kujera ta bari, layin ƙasa ya tashi santimita 20 sama da bayan kujera kar kai ya riƙa bugu. Tsakanin firem da firem santimita 6 ko'ina. Yawancin gidajenmu can kusa da silin ake rataye hoto, sai an ɗaga wuya, shi ya sa ba mai kallonshi bayan ranar farko.

Bangon arewa ne. Tun da hunturu na lura ranar la'asar na shigowa ta tagar yamma ta sauka a ƙarshenshi, don haka na ja jerin gaba ɗaya ya bar wurin, labulen tagar kuma za a sa mashi shafi mai kauri.

27 Maris 2025

An rataye, Alhamdulillah. Ba mu yi amfani da ƙusar kankare ba don tana fasa filasta ta bar rami, mai aikin wutarmu ya zo da injin huda bango, fisha da sukuru, manyan firem sukuru bibbiyu kar su riƙa karkacewa duk sanda aka buga ƙofa. Shi ya nuna mani kar a huda saitin soket ko makunnin fitila, sama ko ƙasa, don nan bututun waya ke bi, sai da muka matsar da gauraka kaɗan saboda haka. Sai da aka jira aka kawo wuta, aikin kanshi bai ɗau lokaci ba.

Ƙarƙashin kowane hoto, a jikin kwalin, babbar 'yata ta rubuta da hannunta sunan dabbar da inda aka ɗauke ta, wasu da kirarinsu yanda kakanta ya faɗa mata: gwanki sha bara, ɓauna saniyar sake, kura ga tsoro ga ban tsoro.

5 Afrilu 2025

An yi Sallah Lahadi, baƙi sun cika gida kwana da kwanaki. Yaran dangi da suka dawo kallon hawa suka yi layi gaban bangon, autana ne mai bayani, har da tafiyar burtu. Wani dattijo maƙwabcinmu ya tsaya kan gauraka yace da ƙuruciyarsu ana jin kukanta a fadama, kuma gidajen sarauta da na attajirai ana kiwonta a tsakar gida, yace ya manta rabon da ya ganta. Matasa kuwa raƙumin dawa ya fi ɗaukar hankalinsu, da nace masu a Nijar aka ɗauka wasu basu yarda ba sai da na nuna masu a waya.

Gwaggon Abban yara bata ji daɗin abun ba kuma bata ɓoye ba, tace "ɗiyata ni dai da kin bar bangon nan haka nan." Nace Gwaggo na ji, na kuma faɗa mata abun da Malam yace da sharuɗɗan da muka ɗauka, tace toh Allah ya sa mu dace, na shimfiɗa mata darduma a ɗaki ta yi sallarta, zaman hira ma a ɗakin muka yi. In ta sake zuwa haka za mu yi, ba zan ja da ita ba, abun da take gudu abu ne da malamai suka faɗa.

Mata biyu sun nemi lambar kafinta. Ɗaya tace ita tsuntsaye zalla take so.

17 Mayu 2025

Ruwan farko ya sauka, na sauke firem ɗin ɗaya bayan ɗaya na duba bayansu. Zafin Afrilu bai taɓa katakon ba, kusurwa duk a rufe. Amma tsaka ta maida bayan giwa gidanta, kashinta duk ya ɓata fenti, zanzaro kuma ya fara gini a bayan barewa. Na goge, na manna 'yan robobi ƙanana a kusurwoyin ƙasa na baya don firem ya ɗan tashi daga bango iska ta riƙa ratsawa, hakan na rage laima kuma ana iya zura tsintsiyar gashi a share. Firem ɗin kura tef ya ɗago a gefe guda ƙura ta shiga ta kwanta a kan kwali, na buɗe na kakkaɓe da burushi mai laushi na sake rufewa da sabon tef. Wajen goge gilashi a jiƙa tsumma kaɗan a goge, kar a fesa ruwa a jikin gilashin don gangarawa yake ya shige ƙasan firem ya jiƙa kwali.

Shamuwa sun iso, suna gini a kan tsamiyar bayan masallacin unguwarmu. Nan Sahel suke ƙyanƙyasa da damina, in kaka ta yi su tsallaka har kudancin Afirka, kuma tun farko na bar mata firem guda ba hoto don ita bana son ta intanet, tamu nake so ta unguwar nan. Ɗan yayata da ke karatun aikin jarida yana da aron kyamara mai dogon baki, yace da sassafe zai zo kafin rana ta yi ƙarfi, ina so shuɗin fuskar da ɗan jan da ke gaban idon su fito.

Katakon ƙofar ya rage na firem biyu. Su na soro ne, kuka da gawo nake so, masu tsawo. Kukar za a iya ɗauka cikin watan gobe in ta cika da ganye, akwai wata babba a hanyar Daura da na daɗe da sa ma ido. Gawo kuwa sai bayan damina, don yanzu ya zubar da ganyenshi, sai wajen Nuwamba zai yi kore.